Murar Tsuntsaye: Haɗarin Da Ke Cikin Kazar Da Ba A Kai Rahotonta Ba

A watan Janairun 2025 Gwamnatin Jihar Kano ta tabbatar da ɓullar cutar murar tsuntsaye a Ƙaramar Hukumar Gwale. Bisa bayanin da Ma'aikatar Lafiya ta jihar ta yi a lokacin, wani matashi ne ya sayo agwagwa a kasuwar Janguza, ya haɗa ta da tsuntsayen da yake kiwo a gida, kafin a ankara 35 daga cikin 50 sun mutu. An gano cutar ne domin mai kiwon ya kai maganar gaban likitocin dabbobi. A cikin wannan watan kuma, can a Amurka, hukumomin Jihar Luwiziyana suka sanar da mutuwar wani dattijo mai sama da shekara 65, wanda ya kamu da cutar bayan ya yi cuɗanya da kajin bayan gidansa da tsuntsayen daji. Shi ne mutum na farko da wannan cuta ta kashe a ƙasar.

Labaran biyu suna nuna inda maganar murar tsuntsaye ta kwana a yau. Cutar da a da ake ɗauka matsalar masu gonar kaji ce ta zagaye kusan duniya baki ɗaya, ta shiga dabbobin da ba a san ta da su ba, kuma masana na bin sawunta da ido biyu saboda tsoron ranar da za ta koyi yaɗuwa tsakanin mutane. Ga Najeriya, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: idan kaji suka fara zubewa a wani gida ko wata gona, mene ne zai sa mai su ya faɗa wa hukuma maimakon ya garzaya da sauran kasuwa?

Mece ce cutar, kuma yaya take yaɗuwa?

Murar tsuntsaye dangi ɗaya take da murar da ke kama mutane a lokacin sanyi. Tana da nau'o'i da yawa, amma wanda ya fi tayar da hankalin duniya shi ne H5N1. Asalin mazauninta tsuntsayen ruwa ne na daji, irin su agwagi da dinya, waɗanda sau da yawa sukan ɗauke ta ba tare da ta kwantar da su ba. Idan ta shiga garken kaji ko talotalo kuwa, nau'in mai tsanani yakan iya ƙarar da kusan dukkansu cikin kwana biyu zuwa uku.

Alamominta a jikin kaza sun haɗa da mutuwar farat ɗaya, kumburin kai da fuska, sauyawar launin zanko zuwa shuɗi-shuɗi, jan tabo a sangalin ƙafa, zawo, wahalar numfashi da raguwar ƙwai. Matsalar ita ce waɗannan alamomi suna kama da na annobar kajin da aka saba gani duk hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. Da ido ba a iya rabe su. Sai an kai samfuri ɗakin gwaji, kuma a Najeriya Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ce ke tabbatar da sakamakon. Wannan kamanni shi ya sa mai kiwo kan ce ai ciwon kajin da aka sani ne, ya haƙura, ya yanka waɗanda suka fara lanƙwasa wuya kafin su zama mushe.

Ƙwayar cutar tana fita ta kashin tsuntsu da majinarsa da yawunsa. Tana daɗewa da rai a wuri mai sanyi da danshi. Daga nan sai ta hau takalmin ma'aikaci, tayar mota, buhun abinci, kejin dillali ko kiret ɗin ƙwai, ta tafi gona ta gaba. Tsuntsun daji yana iya kawo ta ƙasa, amma mutum da kayan aikinsa su ne ke raba ta gari-gari.

Daga kudancin Sin zuwa Jaji

An fara gano kakan wannan nau'i a 1996 a jikin dinyar gida a lardin Guwangdong na ƙasar Sin. A shekarar da ta biyo baya ya kama mutum 18 a Hong Kong, shida suka mutu. Hukumomin birnin suka ɗauki mataki mai tsauri, suka hallaka dukkan kajin da ke kasuwanni da gonaki, sama da miliyan ɗaya, cikin 'yan kwanaki. Cutar ta lafa, sannan ta dawo da ƙarfi a 2003 a ƙasashen gabashin Asiya, daga can ta nufi Turai da Gabas ta Tsakiya.

Najeriya ce ƙasar farko a Afirka da aka tabbatar da ita. A watan Fabrairun 2006 aka sanar da cewa ita ce ta kashe kaji kimanin 40,000 a wata babbar gona da ke Jaji a Jihar Kaduna. Kafin watan ya ƙare an same ta a Magarya ta Jamhuriyar Nijar, wadda ke daf da iyakar Jigawa da Katsina, sannan a Marwa ta arewacin Kamaru a watan Maris. Tsakanin 2006 da 2008 ta shiga jihohi 25 da Babban Birnin Tarayya, aka yi asarar tsuntsaye sama da miliyan ɗaya. Binciken da aka yi kan ƙwayoyin cutar ya nuna ba sau ɗaya ta shigo ƙasar ba. A watan Janairun 2007 kuma ta kashe wata matashiya 'yar shekara 22 a Legas, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta tabbatar.

Bayan shiru na wajen shekara shida, cutar ta sake ɓulla a Kano da Legas a ƙarshen 2014 zuwa farkon 2015, ta yi ɓarnar da ta zarce ta farko. Ta kuma dawo a 2021, inda ta taɓa jihohi irin su Kano, Filato da Bauchi. Duk mai lura zai ga lokacin dawowarta kusan ɗaya ne, wato hunturu. A wannan lokacin ne tsuntsaye masu ƙaura daga Turai da Asiya ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru da gaɓar Tafkin Chadi, sanyi na taimaka wa ƙwayar cutar ta daɗe, sannan cinikin kaji na bukukuwan ƙarshen shekara yana kan ganiyarsa.

Abin da ya sauya tun daga 2020

Abin da ya sa ake sake maganar cutar da babbar murya shi ne wani sabon reshe nata da ya bazu tun daga 2020, wanda ya fi na baya iya zama a jikin tsuntsayen daji. A watan Janairun 2021 ya kashe kwasakwasa kimanin 750 a gandun tsuntsaye na Juj da ke arewacin Senegal. A ƙarshen wannan shekarar ya tsallaka Tekun Atlantika zuwa Kanada, ya gangara Amurka, ya isa Kudancin Amurka a 2022, kuma a farkon 2024 aka tabbatar da shi a nahiyar ƙanƙara ta Antatika, inda ba a taɓa ganinsa ba.

Nisan tafiyar ba shi kaɗai ne abin damuwa ba. Cutar ta riƙa shiga dabbobi masu shayarwa, waɗanda jikinsu ya fi kusa da na ɗan Adam. A watan Oktoban 2022 ta ɓarke a Sifaniya a wata gonar da ake kiwon wasu ƙananan dabbobi masu kama da tunku domin fatarsu, kuma alamu sun nuna daga dabba zuwa dabba ta yi ta yaɗuwa. A 2023 ta kashe dubban dabbobin teku masu shayarwa a gaɓar Peru da Chile da Ajantina, ta kuma kashe kyanwoyin gida a Poland.

Sai babban abin mamaki. A ranar 25 ga Maris 2024 hukumomin Amurka suka tabbatar da cutar a jikin shanun madara a jihohin Texas da Kansas. Kafin wannan rana masana ba sa lissafa saniya cikin dabbobin da wannan cuta za ta dama. An gano ƙwayar cutar tana taruwa a hantsa, tana fita da yawa a cikin madara, kuma injinan tatsa da jigilar shanu daga jiha zuwa jiha suka taimaka mata. Kyanwoyin da suka sha ɗanyar madarar a wasu gonaki sun mutu. Zuwa tsakiyar 2025 garken shanu sama da 1,000 a jihohi 17 sun kamu, mutum kimanin 70 kuma sun harbu, yawancinsu ma'aikatan gonakin shanu da na kaji.

Asarar dukiya ma ba ƙarama ba ce. Tun daga Fabrairun 2022 Amurka ta rasa kaji da sauran tsuntsayen kiwo sama da miliyan 160, har farashin dozin ɗin ƙwai ya kai dala 6.23 a watan Maris na 2025, tsadar da ba a taɓa gani ba a ƙasar. Idan ƙasa mai irin wannan ƙarfi da yawan likitocin dabbobi ta sha wannan wahala, to wanda gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta ya san abin da ya kamata ya yi da nasa.

Yaya girman haɗarin yake ga ɗan Adam?

A nan akwai buƙatar a yi adalci ga alƙaluma, domin tsoro mara tushe ma ɓarna yake yi. A 2006 mutane da yawa sun ƙaurace wa kaza da ƙwai baki ɗaya, har masu gonakin da cutar ba ta taɓa ba suka tafka asara.

Daga 2003 zuwa ƙarshen 2024, an kai wa WHO rahoton mutum sama da 950 da suka kamu da H5N1 a ƙasashe 24, kuma sama da 460 daga cikinsu sun mutu, wato kusan rabi. Masar ce kan gaba a yawan waɗanda suka kamu da mutum 359, inda 120 suka rasu. A Indonesiya mutum 200 suka kamu, 168 suka mutu. Wannan lissafi yana da fuska biyu. Mutum ƙasa da dubu cikin sama da shekara 20, alhali biliyoyin mutane na cuɗanya da kaji kullum, yana nuna cutar ba ta shiga jikin mutum da sauƙi. Amma idan ta shiga ta kai huhu, tana kisa fiye da murar da aka saba nesa ba kusa ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa ake ganin ainihin adadin masu mutuwa bai kai rabi ba. Waɗanda ciwon ya yi wa tsanani su ne ke zuwa asibiti har a gwada su. A wani bincike da Hukumar Daƙile Cututtuka ta Amurka ta fitar a watan Nuwamban 2024, an gwada jinin ma'aikatan gonakin shanu 115 a jihohin Michigan da Colorado, aka samu takwas da alamar sun taɓa kamuwa, kuma rabinsu ba su tuna sun yi wani ciwo ba. Yawancin waɗanda suka kamu a Amurka jan ido da ɗan zazzaɓi kawai suka yi. Duk da haka, a Kambodiya cutar ta ci gaba da kashe mutane tun daga 2023, ciki har da yara, kuma a watan Afrilun 2025 ta kashe wata yarinya 'yar shekara uku a Meziko.

Abin da ya tsare ɗan Adam zuwa yanzu wani bambanci ne a halitta. Kafin ƙwayar cuta ta shiga jiki sai ta samu ƙofar da mabuɗinta ya dace da ita. Mabuɗin murar tsuntsaye ya dace da ƙofofin da ke hanjin tsuntsu da maƙogwaronsa. A jikin mutum irin waɗannan ƙofofi suna can cikin huhu da kuma a ido, ba su da yawa a hanci da maƙogwaro inda tari da atishawa ke fitowa. Shi ya sa kamuwa ke da wuya, shi ya sa kuma wanda ya kamu ba kasafai yake harbin wani ba. An taɓa samun yaɗuwa tsakanin 'yan gida ɗaya, kamar a yankin Karo na tsibirin Sumatra a 2006, inda mutum takwas suka kwanta, bakwai suka rasu, amma cutar ta tsaya a nan, ba ta shiga gari ba. A kan wannan ne WHO da takwarorinta masu kula da abinci da lafiyar dabbobi suka ce haɗarin ga jama'a gaba ɗaya ƙarami ne, ga masu aiki da tsuntsaye da dabbobin da suka kamu kuwa yana tsakanin ƙarami da matsakaici.

Sai dai wannan kariya ba ta dindindin ba ce. Ƙwayar mura tana sauya kamanni a duk lokacin da ta hayayyafa. Bugu da ƙari, kayan gadonta a rarrabe suke gida takwas, ta yadda idan murar tsuntsu da murar mutum suka haɗu a jiki ɗaya, na mutum ko na alade, suna iya musayar sassa su haifar da sabon nau'i mai tsananin wannan da saurin yaɗuwar waccan. Ta wannan hanya aka samu annobar mura ta 1957 da ta 1968. Ita kuwa ta 1918, wadda aka ƙiyasta ta kashe mutum kimanin miliyan 50 a duniya, ta shigo Najeriya ta tashar jiragen ruwa ta Legas, ta bi layin dogo zuwa Arewa, kuma masana tarihi sun ƙiyasta ta ci rai kusan rabin miliyan a ƙasar. Kowane mutum ko dabba da H5N1 ta shiga wata dama ce da aka ba ta ta gwada sa'arta. Rage yawan waɗannan damarmaki shi ne dukkan aikin.

Su wane ne ke bakin wuta a nan gida?

Mai sayen soyayyar kaza ko dafaffen ƙwai ba shi ne abin ji ba. Zafin da ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyos a kowane ɓangare na naman yana kashe ƙwayar cutar, kuma girkinmu na gida, da ake dafa kaza sannan a soya, ya wuce haka. Haɗarin yana kan hanyar da kazar ke bi kafin ta isa tukunya.

A kowace babbar kasuwa akwai layin 'yan kaji, inda ake tara kaji da zabbi da agwagi da tantabaru da talotalo daga ƙauyuka da gonaki daban-daban, keji a kan keji, kashin na sama yana zuba kan na ƙasa. Waɗanda ba a sayar ba su kwana a nan su haɗu da sababbin zuwa. A gefe guda ga masu yanka da fige, galibi matasa, suna aiki da hannu tsirara daga safe zuwa dare, cikin jini da gashi da tururin ruwan zafin da aka tsoma kaji da yawa a ciki. Ruwan wankin kayan ciki ya bi kwata. Idan akwai wanda ya fi kowa kusa da wannan cuta a Najeriya, to waɗannan matasa ne, tare da dillalai, direbobin da ke jigilar kaji da ƙwai, da leburorin gonaki.

Bayan su sai cikin gida. Kiwon kajin gida a hannun mata da yara yake. Su ke ba su tsaba, su share akurki, su fige wadda aka yanka. A Masar, inda kiwon tsuntsaye a gida da saman soro ya zama al'ada, mata da ƙananan yara sun yi yawa a cikin waɗanda suka kamu. A biranenmu kuma kiwon kaji ya zama sana'ar gefe ta ma'aikata da 'yan fansho da matan aure: kaji ɗari ko ɗari biyu a wani ɗaki na bayan gida, bango ɗaya da inda yara ke kwana. Akwai kuma masu noman rani da ke sayen kashin kaji buhu-buhu domin taki, suna zazzage shi da hannu a lambu.

Darasin shanun Amurka ma ya shafe mu ta fuska ɗaya. Tsarin kiwonsu na dubban shanu da injinan tatsa ya sha bamban da na rugagenmu, amma an tabbatar da cewa dafa madara yana kashe ƙwayar cutar. A ƙasar da ake shan nono kowace rana, tafasa madara kafin a sarrafa ta kariya ce mai arha, ba daga wannan cuta kaɗai ba, har da tarin fuka na shanu da cutar baƙƙale.

Diyya: inda gizo ke saƙar

Manufar Najeriya kan murar tsuntsaye ita ce a hallaka dukkan tsuntsayen gonar da ta kamu, a binne su, a yi feshi, a rufe wurin na wani lokaci. Gwamnati ba ta amince da yi wa kaji allurar rigakafin wannan cuta ba. Wannan tsari yana tsaye ne a kan ƙafa ɗaya, wato mai kiwo ya kai rahoto da wuri. Shi kuwa mai kiwo lissafi yake yi.

A ɗauki ma'aikacin da ya zuba kuɗin sallamarsa a kaji 2,000 masu ƙwai, ga bashin abinci a kansa a lokacin da masara da waken soya suka yi tsada. Ya wayi gari ya ga hamsin sun mutu, washegari ɗari. Idan ya kira hukuma, za a kashe sauran, a rufe gonar, ya shiga jiran diyyar da bai san ranar zuwanta ba. Idan ya kira dillali da daddare, zai karya farashi ya tsira da wani abu. Kafin gari ya waye kajin suna kasuwa, wasu sun shiga mota zuwa wata jiha, wasu kuma masu neman araha sun saya sun kai gida. Ba sai mutum ya zama mugu zai zaɓi hanya ta biyu ba. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa: cutar da aka ɓoye a gona ɗaya ita ce za ta dawo ta cinye goma, har da ta wanda ya ɓoye ta.

Ƙasar nan ta riga ta ga yadda wannan lissafi ke aiki. A 2006 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta fara da biyan Naira 250 kan kowace kaza, kuɗin da bai kai farashin kaza mai ƙwai ba, kuma masu gonaki suka yi ta ƙorafi. Daga baya, da tallafin rancen dala miliyan 50 na Bankin Duniya, aka ɗaga diyyar ta matso kusa da farashin kasuwa, aka ƙarfafa sa ido a jihohi, kuma zuwa 2008 aka shawo kan cutar. A zagayen 2015 kuwa, bayan wancan shiri ya ƙare, jinkirin biyan diyya ya zama babban kukan Ƙungiyar Masu Kiwon Kaji ta Najeriya, inda wasu suka shafe shekaru suna jira. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya kai rahoto ya talauce, da wuya ya bi sahunsa.

Saboda haka diyya ba alfarma ba ce da ake yi wa masu gonaki. Kuɗin sayen labari ne, kuma da wannan labarin ake kare lafiyar mai fige a kasuwa da yaron da ke wasa kusa da akurki. Duk Nairar da aka ƙi kashewa a nan za a kashe ninkinta a asibiti ko a farashin ƙwai.

Dogaro da waje ya zama kasada

Wani dalilin da ya sa dole a tashi tsaye shi ne yanayin duniya ya sauya. A ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin fitar da Amurka daga WHO, kuma a cikin shekarar aka rushe hukumar ba da agaji ta USAID, wadda ta daɗe tana ɗaukar nauyin sa ido kan cututtukan dabbobi a ƙasashe masu tasowa. A watan Mayu gwamnatinsa ta soke kwangilar sama da dala miliyan 700 da aka ba kamfanin Moderna domin samar da rigakafin murar tsuntsaye na mutane.

Ƙasashe masu hali suna tanadin kansu. Tarayyar Turai ta ƙulla cinikin allurai 665,000 a watan Yunin 2024, Finland kuma ta zama ta farko da ta fara yi wa ma'aikatan da ke cikin haɗari. Wanda ya tuna yadda Afirka ta tsaya a ƙarshen layi lokacin rabon rigakafin korona ya san abin da zai faru idan wannan cuta ta rikiɗe. Abin da ke hannunmu shi ne gano ta da wuri. Akwai maganin Tamiflu da ke rage tsananinta, amma ya fi amfani idan an fara shi cikin kwana biyu da bayyanar alamu, kuma hakan ba zai yiwu ba sai ma'aikacin asibiti ya saba tambayar mai zazzaɓi da tari ko jan ido: kana aiki da kaji? Sun mutu a gidanku kwanan nan? A wurin da kowane zazzaɓi ake fara kiransa maleriya ko taifot, wannan tambaya tana iya zama bambanci tsakanin rai da ajali.

Abin da ya rage a yi

Yanzu ƙasar tana da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙira a 2024, ga Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, NCDC, ga cibiyar Vom, ga kuma tsarin haɗa lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli wuri ɗaya da aka ƙaddamar a 2019. Hukumomi dai akwai su. Abin da ake buƙata shi ne asusun diyya na dindindin, mai farashin da ke bin kasuwa da wa'adin biya na makonni, wanda zai haɗa da mai kaji ashirin a gida, ba manyan gonaki kaɗai ba. Jihohi su ɗauki likitocin dabbobi su ba su abin hawa da kayan ɗaukar samfuri, a kuma samar da lambar waya ɗaya da kowa ya sani.

Kasuwannin kaji na buƙatar gyara da haɗin kan shugabanninsu: ruwan famfo, daɓen siminti, raba wurin yanka da wurin sayarwa, raba agwagi da kaji, da ranar hutu da za a kwashe komai a wanke. Hong Kong ta bi wannan hanya, har ta kai ga hana kwanan kaji masu rai a shagunan kasuwa tun 2008. Batun rigakafin kaji ma ya cancanci a sake zama a kansa da masana. Sin da Masar sun daɗe suna yi, Faransa ta fara yi wa agwaginta a watan Oktoban 2023. Yana da nasa haɗarin, domin allurar da ba ta dace ba tana iya ɓoye cutar ta bar ta tana yawo, amma gara a yanke hukunci bisa hujja da a bar masu gonaki suna neman allura ta bayan fage.

Ga mai kiwo da magidanci kuwa, matakan ba su da tsada. Sabon tsuntsun da aka sayo a ware shi mako biyu kafin a haɗa shi da na gida. A hana baƙi da dillalai shiga ɗakin kaji, a ajiye takalmin aiki daban. Kazar da ta yi rashin lafiya kada a yanka ta domin ci ko sayarwa, wadda ta mutu kuma kada a jefa ta a bola ko kwata inda karnuka da kyanwoyi za su ci. A sa leda a hannu, a binne ta da zurfi, a wanke hannu da sabulu. A nisanta yara da tsuntsu mara lafiya. Mai saye ya yi hattara da kazar da aka karya wa farashi ba dalili. Idan kuma kaji suka fara mutuwa da yawa a lokaci ɗaya, ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma shi ne wurin zuwa na farko, kuma alhakin gwamnati ne ta tabbatar wanda ya je bai dawo yana da-na-sani ba.